Ƙuri'ata da Fayil ɗin Yaya Binta

Zuwa ga masu girma 'yan takarar shugabancin ƙasarmu Najeriya, musamman ku biyun da jama'a suka fi zuba wa ido.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ya gajiyar yawon neman jama'a, ya iyali? Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Rahma. Matar aure ce ni, shekaruna ashirin da shida. Ina zaune a unguwar Safa a birnin Jidda, inda maigidana yake aikin likita kan kwantiragi. Ba ni da jam'iyya, ban taɓa zuwa taron siyasa ba. Abin da aka fi sanina da shi shi ne karatun littattafan soyayya, waɗanda manya ke kira ɓata lokaci. Amma ina da katin zaɓe. Yana cikin 'yar jakar da nake ajiye fasfo da iƙama, wato katin izinin zama, kuma har yau ban san wanda zan dangwala wa a cikinku ba.

Kun fi ni sanin cewa mu da ke zaune a waje ba ma iya zaɓe daga inda muke. Dole mutum ya koma rumfar da ya yi rajista. Tawa tana makarantar firamaren unguwarmu, a gindin wata bishiyar darbejiya. Maigidana ya daidaita hutunsa da lokacin zaɓen saboda ni. Maƙwabciyarmu Khala Zainab, dattijuwa haifaffiyar nan, wadda kakanninta suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna, da ta ji haka sai ta ajiye kofin shayinta ta ce, “Ya binti, jirgi guda saboda yatsa ɗaya? Halas, shi ke nan, littattafan nan sun gama da ke.” Daga baya kuma ta tambaye ni a hankali ko tawadar zaɓen tana daɗewa a farce, don ita ba ta taɓa ganin ta ba.

Na saurari abin da kowannenku ya faɗa kan sakaci a asibitoci. In na fahimta daidai, ɗayanku yana so a sauƙaƙa wa mutane kai likita kotu. Ɗayan kuma yana so a kare likitoci daga yawan ƙara, don kada su ci gaba da barin ƙasa. Duk sanda na ji na farko sai in tuna yayata. In na ji na biyu sai in dubi mutumin da ke cin tuwo a gabana. Shi ya sa na rubuto.

Na farko: wace ce Yaya Binta.

Ita ce babbar 'yar gidanmu, shekara bakwai ta ba ni. Ita ta koya mini karatu tun kafin malamai su gama fama da ni. Akwai wani mai hayar littattafai a bakin kasuwar garinmu, yana da akwatin katako mai marfin gilashi. Duk ranar Asabar Yaya za ta aro biyu, ta ɓoye su a ƙarƙashin alayyafo cikin kwandon cefane, don kada Baba ya gani. Bayan la'asar mu hau kan buhunan masara a ɗakin ajiya, ita tana tsefe mini kai, ni ina karantawa a bayyane. Har yau in na buɗe tsohon littafi, ƙamshin masara da man kitso nake ji.

Ina da wata mummunar ɗabi'a, ta leƙa shafin ƙarshe tun kafin in yi nisa. Yaya ta tsani wannan. Takan ranƙwashe ni ta ce, “Mara haƙuri, ke ko tuwo za ki ci daga ƙasan tukunya za ki fara.” Ita ko za ta kwana uku tana fargaba, ba za ta leƙa ba.

A littattafan nan, in jarumar ta kwanta ciwo, mai sonta yakan ɗauke ta a jirgi ya kawo ta Jidda ko Alƙahira, ta warke ta dawo ta ƙara haske. Yaya takan yi dariya ta ce ita ma wata rana a jirgi za a kai ta a duba mata ko da ciwon haƙori ne. Yau ga ni a Jiddar. Jirage suna wucewa ta saman benenmu safe da yamma, kuma ba na iya ganin ɗaya ban tuna wannan dariyar ba.

Na biyu: abin da ya faru.

Shekara shida ke nan, cikin watan Rajab, aka kwantar da Yaya a wani asibiti a garinmu, wanda ba zan kama sunansa ba. Wani ɗan ƙari aka cire mata a ciki. Aiki ya yi kyau. Ni ce mai jinya, don 'yarta Nana tana da shekara uku a lokacin, Innarmu tana gida da ita.

Tun tana yarinya akwai allurar da jikin Yaya ba ya karɓa, fenisilin. An taɓa yi mata, ta kumbura har idanunta suka rufe. Ranar da aka kwantar da ita na faɗa wa likita. A gabana ya ɗauki jan biro ya rubuta da manyan baƙaƙe a bangon fayil ɗinta, ya ja layi biyu a ƙasa. Bangon ruwan ƙasa ne, tsoho, ya riga ya yage ta gefe.

Ɗakin matan yana da gadaje a jere har ƙarshen bango, nas ɗaya ce take zagaya su. Saboda haka masu jinya ne idon asibitin. Mu muke duba ledar ƙarin ruwa in ta kusa ƙarewa, mu muke rubuta lokacin da aka ba da magani don a gaya wa likita in ya zo zagaye. Ban je da takarda ba, sai na riƙa rubutawa a cikin bangon littafin da na aro mana.

Rana ta uku, wata Laraba, likita ya ce washegari za a sallame ta. Yaya ta sha kunu, ta sa na ɗaura mata ɗankwali, ta ce in ɗauko littafi mu ƙarasa kafin mu koma gida Baba ya kama mu, ita da take matar aure da 'ya. Da safen nan na lura fayil ɗin da ke ƙafar gadonta ya canja. An sa masa sabon bango, shuɗi, fes, babu rubutun komai sai sunanta da lamba. Na gani, ranku ya daɗe. Har na ce a raina, an gyara. Ban tambaya ina jan rubutun ya tafi ba.

Bayan azahar nas ta shigo da tire. Mun zo daidai wurin da labari ya ɗau zafi. Na yi kamar zan tsaya, Yaya ta miƙa hannunta ga nas ba tare da ta dube ta ba, ta ce da ni, “Ci gaba mana, kar ki katse mini.” Na ci gaba. Nas ɗin ma ta ɗan tsaya tana saurare, ta ce in mun gama mu ara mata. Na duba agogon bango na rubuta: biyu da kwata, allura. Ban tambayi sunan allurar ba.

Ban ƙara shafi biyu ba Yaya ta kama wuyanta. Na ruga na kira nas, nas ta ruga neman likita, likita yana ɗakin tiyata da wata. Kafin a kira la'asar Yaya ta cika.

Na uku: takardar da Baba ya sa wa hannu.

Kun san al'adarmu, kuma addininmu ne, ba ma jinkirta gawa. Maza suka taru, kowa yana duban rana, ana so a suturta ta kafin magariba. Aka kawo wa Baba wata takarda da Turanci aka ce sai ya sa hannu za a ba da ita. Ya sa. Wani daga cikin dangi ya fara tambayar me ya faru, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce kwana ne ya ƙare, Allah ya bayar Allah ya karɓa. Maganar ta mutu a nan.

Ban ga laifin Baba ba. Da ni ce ma haka zan yi. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana mu tambayar dalili ba a wasu wuraren. In akuya ta mutu a gida, sai an bincika abin da ta ci.

Bayan sadakar arba'in na koma asibitin ni kaɗai, na nemi ganin fayil ɗin. Zuwan farko aka ce fayil kayan asibiti ne, ba a ba wa 'yan uwa. Zuwa na biyu aka ce in kawo mijin mamaciya. Na kawo shi, aka ce mai makullin ɗakin ajiya ya tafi hutu. Zuwa na huɗu aka ce an duba ba a gani ba, wataƙila yana cikin waɗanda ruwan sama ya lalata. Wani lauya abokin mijin Yaya ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce babu fayil, ba a binciki gawa ba, ga takardar da uba ya sa wa hannu wadda a ƙasanta an rubuta cewa iyali ba su da wani ƙorafi. Ya ce mu yi haƙuri. Baba bai san da wannan layin ba sai ranar.

Don haka, mai girma da ke son buɗe mana ƙofar kotu, ina tambaya: in na shiga, me zan riƙe a hannu? Abin da ya rage na shaidar ranar nan duka shi ne bangon littafin soyayya da rubutun yarinya 'yar shekara ashirin.

Na huɗu: mutumin da na aura.

Bayan shekara biyu na yi aure, kuma Allah da ikonsa likita na aura. Watanmu uku da tarewa na ɗauko littafin na nuna masa. Ya daɗe yana duba lokutan da na rubuta. Na zaci zai yi irin abin da jaruman littafi ke yi, ya miƙe ya rantse sai ya ƙwato mini hakki. Sai ya rufe shi ya ce, “Rahma, zai iya zama allurar ce. Zai kuma iya zama gudan jini ne ya tashi bayan tiyata, ba ruwan kowa. Takardar magunguna ce kaɗai za ta faɗa. Ba zan ɗora wa mutum rai da bangon littafi ba.” Na yi fushi da shi kwana biyu. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ciwo. Shekara shida ban sani ba ko da na ɗaga kai daga shafin nan na yi tambaya ɗaya, da Nana tana da uwa.

Shi ma yana da nasa labarin. A gida Najeriya, shi kaɗai ne likita a kan ɗakunan majinyata biyu. Wata rana wani dattijo ya rasu ana neman iskar shaƙa babu, ɗan dattijon ya shaƙe shi a baranda har rigarsa ta yage. Ba shi ya hana iska ba, amma shi ne a tsaye a wurin. A shekarar ya fara neman aiki a waje.

A nan Jidda ma bai tsira ba. Bara wani ya shigar da shakwa, wato ƙorafi, cewa maigidana ya yi jinkirin tura mahaifinsa wurin ƙwararre. Aka dakatar da bizarsa ta fita har sai an gama bincike. Wata huɗu muka yi. Babbar Sallah ta zo ta wuce, tsarabar da na haɗa tana cikin akwati a bayan ƙofa. Mutumin da kullum sai ya tsokane ni cewa in ajiye masa littattafan nan, kishiyoyinsa na takarda, in kawo abinci, ya daina wasa. Wandunansa suka yi masa yawa. Na ga abin da ƙara take yi wa mutumin da ya san bai yi laifi ba, kuma ba na yi wa matar kowane likita fatan waɗannan watannin.

Amma kwamiti ya zauna, aka buɗe fayil. Duk abin da ya yi yana ciki, da lokaci, da sunan wanda ya rubuta. Aka ga ya tura majinyacin a ranar da ya kamata. Aka wanke shi, aka kuma yi wa mai ƙorafin bayani har ya gamsu. Ya dawo gida da ledar burodin tamis mai zafi, yana cire takalmi yana cewa, “Fayil ne ya cece ni.” Na yi masa barka, na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji kukana.

Don haka, mai girma da ke son kare likitoci, ina tambaya: da me za ka kare su? In da rufe bakin irina ne, to ka bar su da masu shaƙe wuya a baranda. Wanda aka hana shi bayani, da hannunsa yake nema.

Na biyar: game da nas ɗin.

Ba na son a ɗaure ta. Ina tuna ta sarai, da lalle a yatsunta da silifas ɗinta da ya cinye ta gefe ɗaya. Ranar sadakar uku ta zo gidanmu gaisuwa, ta yi mana “ya haƙuri”, ta zauna can kusa da randa. Da za ta tafi ta dube ni kamar mai son magana, sai ta ja mayafinta ta fita. Wataƙila ita ma tana ɗauke da tambayar da nake ɗauke da ita. In an canja bango ba a kwafe jan rubutun ba, laifin wa ke nan? Na wanda ya canja, ko na wanda ya bar mace ɗaya da ɗaki guda, ko na wanda ya ga ya dace a ajiye ran mutum a kan kwalin da ke yagewa?

Ga abin da nake roƙo.

Ina roƙon wanda duk ya hau a cikinku ya sa doka ta fito fili cewa majinyaci ko magajinsa yana da hakkin karɓar kwafin fayil ɗinsa cikin kwanaki sanannu, kuma ɓatan fayil laifi ne a kan asibiti da shugabanninsa, kada a sauke shi a kan ƙaramin ma'aikaci. Khala Zainab, da idonta ya fara rauni, tana buɗe wayarta ta ga sakamakon gwajin jininta. Ban nemi wannan ba tukuna. Takarda kawai na nema, wadda ruwan sama ba zai zaɓe ta ita kaɗai ya ci ba.

Ina roƙon a raba takardar karɓar gawa da takardar yafiya. Uban da ke duban rana yana son ya binne 'yarsa kafin magariba, duk abin da aka miƙa masa zai sa wa hannu. A bar mu mu yi sutura a kan lokaci kamar yadda addini ya ce, tambayarmu ta jira mu har mu gama zaman makoki. In za mu yafe, mu san abin da muke yafewa.

Ina roƙon a samar da wurin da talaka zai kai ƙorafi ba sai da lauya ba, inda likitoci da waɗanda ba likitoci ba za su zauna su buɗe fayil a gaban kowa, cikin watanni kaɗan. Mai laifi ya ɗauki laifinsa, mara laifi ya koma aikinsa da mutuncinsa. Irin wannan ne zai sa maigidana ya fara tunanin komawa gida, kuma yana so, don kullum zancensa ke nan in ya ci miyar kuka.

Sai ƙarami a cikinsu, wanda ya fi mini girma: gargaɗin maganin da jikin mutum ba ya karɓa, a ɗaura masa shi a wuyan hannu. Hannun da za a miƙa wa allura, shi ya kamata ya yi magana in mai jinya ta shagala.

Ranku ya daɗe, littafin yana nan. Mai hayar ya ce in riƙe shi, ya bar wa Yaya. Na zo da shi Jidda a ƙasan akwati. Na karanta ɗaruruwa bayansa, a falo, a bakin teku ranar Juma'a, kuma har gobe ina leƙa ƙarshensu. Wannan kaɗai ne ban leƙa ba. Shafi goma sha tara suka rage, gefen wanda muka tsaya a kai yana naɗe yadda na bar shi.

Nana yanzu shekararta tara. Ta iya karatu, har ta fara ɓoye littafi a ƙarƙashin filo, Inna tana yi kamar ba ta gani ba. Watan jiya muna waya ta ce, “Anti, ke kina wurin ko? Me ya kashe Mamana?” Na ce mata in na zo za mu yi magana. Ta ce to, za ta jira. Haƙurin uwarta ta ɗauko.

Zan zo. Zan shiga layin mata a gindin darbejiyar nan inda ni da Yaya muka yi rajista rana ɗaya, tana yi mini dariya don na rufe ido a hoto. Na san fayil ɗinta ba zai dawo ba, kuma babu ɗayanku da zai iya ba ni amsar da zan kai wa Nana. Abin da nake so in iya ce mata shi ne: ban sani ba, amma daga yanzu duk wadda ta tambaya za a gaya mata. Wanda ya fito a cikinku ya faɗi wannan a bainar jama'a, da bakinsa, ba ta bakin kakaki ba, shi zan dangwala wa, ko da duk danginmu suna ɗaya ɓangaren. In kuwa ranar ta zo kuka yi shiru, zan dangwala muku ku biyun ƙuri'ar ta lalace, in dawo in nuna wa Khala Zainab tawada a farce, in kuma ce wa yarinya 'yar shekara tara kwana ne ya ƙare. Kada ku bar ni da wannan.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mai alheri a cikinku nasara, ya ba wanda bai samu ba haƙuri da mafita mafi kyau. Allah ya tsare ku da iyalanku daga kwanciyar asibiti, in kuma ta zama dole, ya haɗa ku da masu kula da rubuta gaskiya. Allah ya jiƙan Yaya Binta da dukkan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya har mu dawo mu same ta.

Wassalam.

Taku mai jiran amsa,
Rahma, ƙanwar Binta,
Unguwar Safa, Jidda.